Hakin Rijiya da Saifar Kawu

Ilimin magani gaba ɗayansa, tun daga masanan farko har zuwa malaman birninmu, a kan abu guda yake tsaye: a ba marar lafiya ya sha, kada ya yi tambaya. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da mahauci.

Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. A shekarun da nake karatu wajen wani malami kusa da Ƙofar Taramniya, zazzaɓin damina ya bar masa kumburin saifa. Cikinsa ya yi tauri ta hagu, har sunkuyawar fiɗa ta fara gagararsa, ga shi da ita yake ci da gida.

Cikin wasu takardun Larabci da nake juya wa malam da hannu na ci karo da siffar wata ciyawa. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Karanta baƙi ne siriri kamar gashin wutsiyar doki, ganyen tsaga-tsaga, bayansa da wani gari ja-ja. Ba ta son fili, ba ta son rana, sai tsagar dutse mai laima. Marubucin ya ce tana narkar da saifa, har dabbar da ta saba cinta akan yanka ta a tarar babu saifa sam.

Na zaga fadama, na bi gindin ganuwa, ban samu ba. A ƙarshe cikin tsohuwar rijiyar unguwarmu na hango ta, gaba biyu ƙasa da baki, tsakanin duwatsun marmara, ta gefen da rana ba ta leƙawa. Mai yasar rijiya ya ɗaura mini igiya a ƙugu ya zura ni, yana gaya mini shi shekara da shekaru cire ta yake yana zubarwa. Abin da na tsinko bai cika ƙoƙo ba. Ko ita ce ta littafin, Allah ne masani. Karan dai baƙi ne.

Kawu ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya sa na maimaita zancen dabbar.

"Mi kac ce? Bisa ba saifa? Ɗana, shekara talatin ina buɗe cikin bisashe ban ga wagga ba. Ba ni shan hakin ga sai akuya ta ci na gani."

Na nuna masa abin kaɗan ne, kuma ba a shuka shi, in akuya ta ci shi ba zai samu ba. Ya ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa riƙe wuƙa ba, shi kuwa cikinsa guda ne.

Aka ɗaure wata jar akuya a turke, ana cuɗa mata ganyen da dusa. Ta karɓi magani da ladabin da ban samu wajen kawu ba. Sau biyu na sake shiga rijiyar saboda ita, har bangon ya koma dutse zalla.

Rana ta takwas kawu ya yanka ta gaban maƙwabta, ya durƙusa da ƙyar ya buɗe cikin da kansa. Saifar na nan inda take zama, jawur, ko kaɗan ba ta ragu ba. Ya ciro ta ya ɗora mini a tafin hannu.

"Tai ka gwada ma malam."

Ban kai ba. Ciyawar ba ta sake tsirowa a rijiyar ba. Kumburin kawu kuwa ya sace da kansa bayan girbin gero, bai sha komai ba.