Wata Shida a Bencin Baya

A majami'armu ta Sabon Gari akwai wani benci can baya, dab da ƙofa, wanda ba shi da majingina. Duk sauran bencunan kafinta ya yi musu abin jingina baya, shi kaɗai aka bari haka, kuma ba mantuwa aka yi ba. Nan ake zaunar da wanda dattawan ikilisiya suka sa a ƙarƙashin horo. Idan laifin mutum ya fito fili, sai a kira sunansa bayan sanarwa, a faɗi watannin da aka yanka masa. Daga ranar ba ya waƙa a ƙungiya, ba ya cin Jibin Ubangiji, wurin zamansa kuma wannan benci ne. Shekara huɗu ina wuce shi ina ɗauke kai, har da ɗan tsaki a zuci idan na ga wani a kai. A shekarar 2004 ni ce na zauna.

Ni tela ce, 'yar kudancin Kaduna, aure ne ya kawo ni Minna. Maigidana malamin firamare ne a Kuta, sai ranar Juma'a yake dawowa gida. 'Yarmu ta fari tana da shekara biyu jijjiga ta fara kama ta. Zazzaɓi kaɗan, sai idanu su juye, jiki ya sanƙare, kumfa na fita ta baki. A asibiti an ba ni magani, aka ce in riƙa sauke zazzaɓin da wuri, in ta girma za ta daina. Sau uku ta yi min haka cikin wata biyu, kullum ina ni kaɗai a gida. Wanda bai taɓa riƙe ɗansa yana sanƙarewa a hannunsa ba, don Allah ya yi min shiru.

Wata mai sayar da doya da nake yi wa ɗinki ce ta ce ta san wani mutum a bayan Paiko. Na yi mata faɗa, na ce ni Kirista ce, kada ta sake kawo min wannan zance. Bayan kwana tara ni na je har rumfarta na ce ta raka ni. Muka hau motar Paiko, daga can muka hau babur zuwa wani ƙauye. Mutumin ya ba ni abu biyu: guru siriri na fata da za a ɗaura wa yarinyar a ƙugu, da wata laya mai baƙin zare da za a sa cikin matashin da take kwana a kai. Ya ce ranar da aka raba ta da su duka biyun, ba za ta ga lokacin kaka ba. Na dawo gida na farke matashin, na tura layar cikin audugar, na ɗinke da hannuna, ɗinkin da ko wata tela ba za ta gane an taɓa wurin ba.

Wadda ta kama ni wata tsohuwa ce da kowa ke kira Mama. Daga wajen Kuta take, ta haura saba'in, gajeriya, gwiwoyinta sun gaji amma bakinta bai gaji ba. Ita ke buga tulu a zumuntar mata, ita ke dafa zoɓon da ake zubawa a ƙananan kofunan Jibin Ubangiji, ita kuma ke wanke su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda kowa ya taya ta. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta, daga fasto har matar fasto. Wata Alhamis da yamma muna koyon waƙa, yarinyar ta dame ni da kuka, Mama ta karɓe ta za ta goya. Na ga hannunta ya tsaya a ƙugun yarinyar. Sai da aka tashi, sannan ta ja ni bayan majami'a ta ce in je in faɗa wa dattawa da bakina kafin Lahadi, in ba haka ba ita za ta faɗa.

Ban je ba. Na ɗauka barazana ce irin ta tsofaffi. Ita kuwa ta je.

Dattawa suka kira ni da maigidana, wanda bai san komai ba sai a wurin. Har yau in na tuna yadda ya sunkuyar da kai yana murza hularsa sai in ji kunya ta rufe ni. Na cire gurun, aka ƙona shi a gabanmu. Suka tambaye ni ko akwai wani abu kuma. Na dubi idon fasto na ce babu. Aka yanka min wata shida.

Lahadin farko na zo da niyyar in zauna sau ɗaya don maigidana, daga nan in koma wata majami'ar inda ba a san ni ba. Ai ba su kaɗai ke da gicciye a Minna ba. Na zauna a ƙarshen bencin, yarinyar a cinyata, ina jin idanun mutane ko da ba su waiwayo ba. Ana cikin waƙar farko sai ga Mama ta taso daga kujerarta ta gaba, tana jan ƙafa, ta bi tsakiyar majami'a a gaban kowa, ta zo ta zauna kusa da ni. Na matsa. Ta matso. Da ba a cikin sujada muke ba, da na faɗa mata maganar da za a ƙara min wata shida a kan nawa.

Ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta yi min wa'azi ba. Ta buɗe jakarta ta ba yarinyar ƙuli-ƙuli, ta ci gaba da waƙarta da wannan murya tata mai kamar ana jan kujera. A gaba kuwa tulu ya koma hannun wata matashiya da ba ta iya ba, waƙar zumunta ta riƙa tangaɗi, mata suna waiwayowa suna hararar bencinmu. Bayan mako uku fasto ya aika a tambaye ta dalili. Ta ce a gaya masa ba ta ga an rubuta sunan kowa a jikin bencin ba, kuma iska ta fi shigowa ta ƙofa.

Abin da ya fara karya ni shi ne Lahadin Jibin Ubangiji. Al'adarmu, kafin a buɗe teburin sai waɗanda ke ƙarƙashin horo su fita. Na tashi na fita, sai na ji takunta a bayana. Muka zauna a gindin dogon yaro. Na ce mata ta koma, ita ba ta yi laifin komai ba, kuma ita ta dafa zoɓon nan tun da safe. Ta ce ta ɗanɗana shi a tukunya, sukarin ya yi daidai. Na san abin da wannan kofi yake a wurinta. Mace ce da aka taɓa kawo ta majami'a a kan babur tana rawar ɗari don kada ya wuce ta. Sau shida ta bar shi ya wuce saboda ni, macen da ba ta ko gaishe ta da kyau.

A gindin bishiyar nan ne muka fara magana, wata bayan wata. Ta ce ta haifi bakwai, ta binne uku. Biyu sun tafi da layu a wuyansu tun kafin ta ba da gaskiya, na ukun ya tafi bayan an yi mata baftisma, ana yi masa addu'a. Na ce to ina ribar, tunda duka an binne. Ban taɓa mantawa da amsarta ba.

"Na farkon biyu, tsoro ne ya binne su tare da ni. Shekara da shekaru ba na barci, kowa maye ne a idona, har uwata. Na ukun, na yi kuka, amma na san hannun da ya karɓe shi. Ba a ce maka ba za ka yi kuka ba. An ce maka kai ba bawan tsoro ba ne kuma."

Haka take ɗaukar fansa. A wurinta Yesu bai tsaya daga nesa yana kiran masu zunubi su wanke jiki su zo ba. Shi ya sauko inda suke, ya ɗauki abin da ke kansu ya kai gicciye. Mugun kuma, wato Shaiɗan, an gama da shi ranar da kabari ya wayi gari babu kowa ciki. Abin da ya rage masa, in ji ta, kamar wutsiyar ƙadangare ce da ta guntule: tana motsi a ƙasa, yara su tsorata su gudu, amma ba ta da baki. Ina jin wannan duka, ina gyaɗa kai, in koma gida in kwantar da 'yata a kan matashin nan.

Abin da ya ƙara ɗaure ni, cikin watannin nan shida jijjigar ba ta dawo ba ko sau ɗaya. Ina ba ta maganin asibiti, ina kai ta majami'a a yi mata addu'a, amma can cikin zuciyata na san wa nake gode wa. Sau biyu na ɗauki reza zan farke ɗinkin. Sai in dubi yarinyar tana wasa da guntayen atamfa a ƙarƙashin kekena, in tuna maganar mutumin nan cewa ba za ta ga kaka ba, in mayar da rezar cikin gwangwani. Ga shi damina ta yi nisa, masara ta fara fitowa kasuwa.

Ranar Asabar kafin a karɓe ni, Mama ta zo shagona da zanen zumunta nawa, wanda na mayar musu cikin fushi tun farkon horon. Ta wanke shi ta goge. Da safe ita ta ɗaura min ɗankwali a bakin majami'a, tana mitar cewa tela ce ni amma ɗaurina kamar na mai zuwa gona. Sannan ta wuce kujerarta ta gaba, karo na farko cikin wata shida. An shirya teburin, an rufe shi da farin ƙyalle, ina hango kofunan da ta wanke.

Fasto ya kira ni gaba. Ya yi wa ikilisiya bayanin cewa 'yar'uwarsu ta cika horonta, sannan ya yi min tambayar da ake yi wa kowa: ko na rabu da ayyukan duhu gaba ɗaya, na dogara ga Almasihu shi kaɗai. Kalma ɗaya ake jira. Maigidana yana murmushi a layin maza. Na dubi Mama, ta riga ta gyara zama, ta bar min wuri kusa da ita. Na ga cewa nan da ɗan lokaci za ta ɗaga kofin da ta haƙura da shi wata shida, ta sha kafaɗa da kafaɗa da ni, ni kuma da ƙaryata a baki. Tsoron mutuwar 'yata bai tafi ko'ina ba, yana nan a ƙirjina. Amma wannan ƙaryar na kasa yin ta.

Na ce akwai saura. Na ce yana cikin matashin yarinyar, ni na ɗinke shi, kuma na yi wa dattawa ƙarya ranar da suka tambaye ni.

Dattawa suka haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa, sannan fasto ya ce an gode wa Allah da gaskiyar da ta fito, amma saboda ƙaryar an ƙara min wata uku. Na juya da sabon ɗaurina da gogaggen zanena na koma baya. Ban daɗe da zama ba na ji jan ƙafarta. Da lokacin fita ya yi muka fita tare.

A waje na durƙusa a gabanta ina kuka, na ce ta yafe min, na sa ta yi asarar wata shida a kan maƙaryaciya. Ta ce in tashi, ƙasa za ta ɓata zanen.

"Ubana boka ne," in ji ta. "Ni nake daka masa magani ina yarinya. Ba ya ba mutum ɗaya. Kullum biyu ne, na jiki da na ɗaki. Tun ranar da aka ƙona na farko nake jiran ɗan'uwansa."

Na ce, "Mama, kin sani, me ya hana ki faɗa musu?"

"Na farko ni na kai ka. Na biyu in na kai ka, kama ka kawai aka yi. Sai ka kawo da hannunka."

Ba zan yi wa kowa ƙarya a nan ba: bayan wannan rana jijjigar ta sake kama yarinyar sau biyu, ɗaya ma sai da muka kwana uku a asibiti, kafin ta rabu da ita tana 'yar shekara biyar. Amma ranar Lahadin nan ban san za ta rayu ba, babu kuma wanda ya yi min alkawari.

Da aka tashi, Mama ta bi ni da maigidana gida, ita da dattijo ɗaya. Ta goya yarinyar ta tsaya a tsakar gida, ta ƙi taɓa matashin, ta hana maigidana ma ya taɓa. Na zauna a bakin ƙofa na farke ɗinkina da reza, na yanke yatsa ban ji ba. Na ɗora layar a kan murhu na zuba kananzir, na ɗauko ashana. Dattijon ya miƙo hannu zai karɓi ashanar, Mama ta ce ya bar ni. Ta fara addu'a da harshen garinsu, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ashana uku suka karye a hannuna, ta huɗu ce ta kama.