Mutumin da Ya Iya Mutuwa

A unguwarsu Marigayi ake ce masa, kuma yana amsawa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana fitowa a wasannin talabijin, kuma da wuya ya shiga wasa ya fita da rai. An harbe shi, mota ta buge shi, an zuba masa guba a shayi, rijiya kuwa sau biyu yana faɗawa. Wasu 'yan wasan da barkwanci aka san su, wasu da iya kuka. Shi Allah ya hore masa iya cikawa. Yakan saki hannunsa ya sulale daga bakin gado, yatsun su ɗan buɗe, sannan ya riƙe numfashi har sai darakta ya ce a tsaya.

Lokacin da ake yayinsa, mata a kasuwa kan tare matarsa da jajayen idanu suna ba ta haƙuri. Ita kuma ta ce, "Na gode, amma yanzu na baro shi yana neman silifas ɗinsa." Daga baya gidan talabijin ya sake shugabanni, aka koma wasannin samari da 'yan mata, inda ba a mutuwa, sai dai a yi fushi a kashe waya. Shekara shida ba wanda ya neme shi. Ya koma zaman benci a shagon ƙaninsa mai gyaran agogo, yana kallon masu wucewa yana raya yadda kowannensu zai faɗi in an ba shi dama.

Wata safiya sai ga kira daga wata matashiyar darakta, wadda ta ce tun tana ƙarama yake sa ta kuka.

"Baba, mutuwa ɗaya nake so, mai kyau. Shugabanni sun ce ka tsufa, ni na tsaya maka. In ta yi kyau za su ci gaba da kiranka. In ba ta yi ba, ni da kai mun ji kunya, kuma ba za su sake saurarona a kanka ba."

"'Yata, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Na mutu tun ba a haife ki ba."

Ɗakin da aka shirya bango uku gare shi, da taga wadda aka zana sararin sama a bayanta, ga wayoyi sun miƙe a ƙasa. Shi ne uba a kashi na farko, zai yi wasiyya ya cika, 'ya'ya su shiga rigimar gida. Ya kwanta, sai ya ji bayansa ya nutse. A zamaninsu katako ake shimfiɗa wa zani a ce gado ne, ga shi yau an kawo katifa ta gaske, fitilu kuma suna zubo masa ɗumi kamar hantsi.

Aka ce a fara. Yarinyar da ke fitowa a matsayin 'yarsa ta riƙe hannunsa. Ya ce, "Ki kula da ƙannenki," ya saki hannu, ya lumshe ido.

Kukanta ya riƙa yin nisa, kamar daga ƙetaren kogi. Sai ya ga tsohon ɗakin ɗaukar wasa, da fankarsa mai ƙara, da ƙanshin hodar da ake shafa musu. Ga abokan aikinsa na dā jere a benci, waɗanda suka riga shi tafiya ta gaske: mai fitowa a alƙali, da ɗan sanda mai gashin bakin roba, da matar da ta aure shi sau tara a talabijin. Suna goge kwalliya suna yi masa tsiya. "Kai har yanzu kwaikwayo kake? Matso, ga wuri." Sararin da ke bayan taga ya fara motsi, gajimare na wucewa a hankali, shi kuma yana neman inda zai zauna a cikinsu.

Mai ɗaukar sauti ne ya fara cire abin kunnensa. Gawa tana minshari.

Aka tashe shi, aka sake. Ya ciji harshe, ya ƙirga fitilu a zuci, bai kai ta bakwai ba ya koma wajen abokansa. A karo na uku yarinyar da ke kuka ta kifa kai a kan zanin gado, kafaɗunta na rawa don dariya.

Ya zauna a bakin gado yana laluben takalmi, bai iya ɗaga ido ba. "'Yata, ki yafe ni. Wallahi katifar ce. Ki nemo wani."

Darakta ta koma bayan kyamara. Ta tsaya gaban ƙaramin allo tana maimaita abin da aka ɗauka: tsoho yana barci da ɗan murmushi, kamar wanda ake ba labari mai daɗi, 'yarsa a gefe ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Ta kalla sau huɗu, sannan ta yafito marubucin wasan, suka yi ƙus-ƙus.

"Baba, ajiye takalmin nan. Uban ba zai mutu ba, doguwar jinya zai yi. Kashi ashirin da shida kana kan gadon nan, su yi ta rigimarsu a kanka."

"To maganata fa? Me zan haddace?"

"Ba ko kalma ɗaya. Abin da ka yi yanzu shi za ka riƙa yi."

Ya dubi fitilu. Sannan ya tura takalmin ƙarƙashin gado, ya juya matashin kai ta ɓangaren da ya fi sanyi, ya tambaya ko wa za a ɗora wa alhakin tashinsa in lokacin abincin rana ya yi.