Kotun da Ba Ta da Ƙofa

Akwai wata la'asar da ba za ta fita daga raina ba muddin ina numfashi. A shekarun hamsin ne, kafin mulkin kai, ina ɗalibi a makarantar koyon shari'a a Kano. Malaminmu ya yi imani cewa ba a koyon kare haƙƙin mutum a cikin aji kaɗai, saboda haka bayan kaka ya kwashe mu zuwa wani gari tsakanin Tudun Wada da Riruwai.

Da safe mukan zauna a zauren alƙali mu saurara, da la'asar kuma mu kafa kotun gwaji a gindin tsamiya, bakin kasuwa. Ran nan wani abokinmu ya ari rawani ya zama alƙali, ni kuma ina kare wanda muka laƙaba wa satar akuya. Muna cikin haka sai ga wata dattijuwa Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa gaban mai rawanin.

"Allah ya gafarta Malam, ƙara na kawo."

Wasu suka fara dariya. Malaminmu ya ɗaga hannu, wurin ya yi tsit. "Ku bar ta ta gama," in ji shi.

Ɗanta ne a tsare wajen 'yan doka tun gero bai fitar da kai ba. Shanunsa sun yi ɓarna a gonar wani, an kama shi, daga baya dangi suka sasanta da mai gonar a gaban mai gari. Amma ba a sake shi ba. Duk ranar kasuwa takan zo zauren alƙali, mai tsaron ƙofa ya ce ta dawo da namiji. Mazan kuwa sun bi shanu sun tsallake dajin Falgore.

Malam ya dube ni. "Kai mai kare ɓarawon akuya, ga aiki ya samu. Gobe ka tambaya mana: wa ya ba da umarnin tsare shi, kuma yaushe aka saurare shi?"

A wancan zamani lauya ba ya tsayawa a kotun alƙali, balle ɗalibi. Washegari a zauren alƙali na durƙusa na yi gaisuwa, na ce tambaya ce ta mai neman sani. Muryata tana rawa. Alƙali ya ce bai taɓa jin maganar wannan mutum ba. Ya aika a kira sajen 'yan doka. Saje ya ce shi umarnin saki yake jira. Mai gari kuma ya ɗauka sulhu ya kashe magana. Har yau abin da ke tayar mini da hankali ke nan: babu mugu ko ɗaya a cikinsu, kowa jiran wani yake, mutum kuwa yana ɗaki.

Aka fito da shi kafin azahar. Ƙafafunsa sun kumbura, ya sa hannu ya kare idonsa daga rana. Alƙali ya tambaya ko akwai mai ƙara a kansa. Babu. Ya ce ya tafi.

Da la'asar dattijuwar ta dawo gindin tsamiya da ƙwarya cike da nono. Abokinmu, kunya ta kama shi, ya ce, "Inna, ki yafe mana, ni fa ba alƙali ba ne."

"Na sani, ɗan nan," ta ce. "Rawanin ma ya fi ƙarfin kanka. Amma na ga wurinku ba ƙofa."

Na yi shekaru ina karanta dokoki bayan wannan, ban sami wadda ta koya mini abin da na koya a ranar ba. Haƙƙin da doka ta ba mutum ba ya zuwa ya same shi a inda yake tsare. Sai an sami wanda zai saurara har ƙarshe, sannan ya tashi ya je ya yi tambayar, ko da muryarsa tana rawa.