Ruwan Koko a Burodin Mista Bohumil

Ajara 'yar zangon Kumasi ce, shekararta goma sha tara a Tottenham, kuma tun da muka zama maƙwabta ban taɓa jin ta ce "ban iya ba". Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, magani, abinci. Takan ce tsoho da jariri duk ɗaya ne, sai dai tsoho ya fi gardama.

Bara aka haɗa ta da wani tsoho ɗan ƙasar Czech, Mista Bohumil, wanda matarsa Milada ta rasu wata biyar kafin nan. Tun rasuwar ya daina cin abin kirki, ya rame har wando na zame masa. 'Yarsa ta ce in bai koma cin abinci ba zuwa ƙarshen wata, gidan tsofaffi za a kai shi. Shi kuwa ya rantse gawarsa ce kaɗai za ta bar gidan nan.

Abu ɗaya yake ambato: ƙananan burodin da matarsa ke gasa masa, masu lanƙwasa kamar ƙaho, da gishiri a bayansu. Ajara ta sa ya karanto mata takardar haɗin burodin da marigayiyar ta bari. Fulawa, yis, mai, gishiri, sai kofi ɗaya na giya.

"Giya?" in ji Ajara da ta shigo wurina. "Da hannun da nake alwala? Never."

Na ce mata ai akwai wadda ba ta bugarwa, kowane shago ana sayarwa. Ta watsa mini harara.

"Karimatu, kwalban ma ba ya shiga kitchen na. Amma tsohon nan zai ci. Ki rubuta ki ajiye."

Ta fara gwadawa da lemon malt. Burodin ya fito da zaƙi kamar kek ɗin biki, tsoho ko kallonsa bai yi ba, ni na cinye. Na biyu da ruwa zalla ta kwaɓa, ya fito salam, ba ƙamshi ba armashi. Gaskiya haushi ya kama ni. Mace da ciwon gwiwa tana ƙarar da Asabar ɗinta a kan abincin ƙasar da ko a taswira ba za ta iya nuna ta ba!

Ita kuwa sai ta koma ta tambayi tsohon, wai me giyar take yi a cikin kwaɓin? Ya ce ɗan tsami, da ƙamshin hatsin da ya kwana. Ajara ta ce dariya ta kusa kayar da ita. Hatsin da ya kwana za a gaya wa 'yar mai koko, wadda uwarta ta yi shekara talatin tana damawa a bakin titi? Ta jiƙa gero, ta niƙa, ta tace, ta bar gasarar ta kwana, ta tsiyaye ruwan tsamin da ya taso sama. Ta ɗiga masa malt cokali biyu, ta kwaɓa fulawar da shi. Da kwaɓin ya tashi ta murza, ta yanka shi kusurwa uku-uku, ta naɗe kowanne daga faffaɗan gefe zuwa tsini, ta barbaɗa gishiri mai manyan ƙwayoyi.

Ranar Lahadi na raka ta, don ina son in ga ƙarshen taurin kai. Tsohon ya ɗauki ɗaya da ɗuminsa, ya shinshina, ya gutsura. Ya daɗe yana taunawa.

"Ba irin na Milada ba ne," ya ce da Turanci.

Ajara ko gezau.

"Na sani, Papa. Wannan na Ajara ne."

Ya kalle ta. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu, ya ce a miƙo masa man shanu. Na ukun bai ci ba. Ya ɗora shi a faranti, ya tura gaban kujerar da matarsa ke zama, ya ce ita ma ta ɗanɗana. Nan na juya fuska, don hawaye sun zo mini.

Yau wata takwas ke nan yana nan a gidansa, kuma Ajara ta huda masa sabon rami a bel, ta wajen saki.