Ɗan Mai Kalangu a Guangzhou

Edita, a wancan lokacin ni dillalin takalma ne a titin Zhanxi Lu da ke Guangzhou, ga tumbi ga babbar riga, 'yan kasuwar Kano da Maraɗi suna ba ni sautu, kowa Alhaji yake ce mini. Abin da ba wanda ya sani shi ne mahaifina kalangu yake kaɗa wa mahauta. Na binne zancen nan na hau kansa na zauna.

Sitona yana jikin ɗakin atisayen wasu samari uku 'yan Ostireliya, malaman Turanci, da suka kafa ƙungiyar wani kiɗa wai shi fank. Kiɗa? Kai ka ce janareta aka jefa rijiya! Gashin babbansu kamar zankon zakara, kuma ba su da mai ganga. Ni kuwa in na ɗaure kwali da salatif sai na bubbuga shi in ji ko ya cika, ashe hannuna gado yake tonawa. Suka jiyo ta bango, suka zo suna magiya in kaɗa musu ganga. Na ce to, sau ɗaya. Sau ɗayan nan ya zama kowace Lahadi, har muka yi wasa a unguwar Tianhe, wani ɗalibi ya ɗauki bidiyo. Kafin in goge gumi ya isa Maraɗi.

Bayan sallar Juma'a wani dattijo, wanda rabin sautuna ta hannunsa yake biyowa, ya tare ni a gaban jama'a. Ya ce irin wannan hannu ba a Sin ake koyonsa ba, in faɗi ɗan waye ni, ko kuma in ce mai kama da ni ne, magana ta mutu. Wallahi ƙarya ta zo har leɓena. Sai na tuna kalangun nan ne ya ciyar da ni har na san hanyar filin jirgi. Na ce ni ne, hannun ubana ne, kuma in an sake kira zan sake zuwa. Rabin masu sautu suka gudu, tumbina ya bi su.

Yaran sun koma ƙasarsu sun yi suna, har na ji suna gaya wa 'yan jarida wai makaɗinsu na farko ɗan sarki ne daga Afirka. Na aika musu su gyara: ɗan mai kalangu ne.

Ban yi nadamar kiɗan ba. Nadamata shekarun da na yi ina jin kunyar mutumin da bai taɓa jin kunyata ba. Ɗan'uwa, kada ka ɓoye asalinka don ciniki. In bakinka ya yi shiru, hannunka zai faɗa.