Taurari Uku a Gidan Ƙofar Wambai

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabo, malamin kimiyya a wata sakandare a nan Bauchi. Allah Ya jiƙansa. A bana, tunawa da shi ta zo mini da fargaba.

Yaya mutum ne da ko tuwo aka kawo sai ya sako zancen taurari. Muna yi masa tsiya, yana dariya. Shi ya gaya mini cewa a cikin wani gajimaren iska da ƙura ake haihuwarsu, kuma da yawansu bibbiyu ko uku-uku suke tasowa, suna zagaya juna. Inda wuri ke da yalwa, sukan daɗe tare. Inda aka yi cunkoso kuwa, duk tauraron da ya gifta sai ya ɗan ja su, har waɗanda ke nesa da juna su rabu, na kurkusa su ƙara manne wa juna.

"In su uku ne fa, Yaya?"

"Galibi mafi ƙanƙanta ake cillarwa, Binta."

A lokacin ana rigimar ƙara ɗakuna a tsakar gidanmu na Ƙofar Wambai. Shi kaɗai ya ƙi, ya ce wasu su koma filinmu na Miri. Aka ce boko ya sa yana gudun dangi. Ashe hannunka mai sanda yake yi mana.

Da zai leƙo yau, ba zai gane gidan ba. Inda muke shanya ya zama lungu, mutum biyu ba sa wucewa sai a kaikaice. Zo mu zauna, zo mu saɓa. 'Ya'ya uku ya bari: tagwaye, Hassan da Husaini, sai Gambo mai bi musu. Tagwayen suna ɗaki guda, sana'a guda, ba mai shiga tsakaninsu. Gambo kuwa an tashe shi daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa shagon maƙwabci. Yanzu yana yawo da masu zancen ƙetare hamada, kuma ya daina haɗa ido da ni.

Abin da ya saura mini na Yaya shi ne amsarsa ta ƙarshe. Na tambaye shi ko wanda aka cillar yakan dawo. Ya girgiza kai.

Ranar Juma'a na je gidan, na leƙa shagon maƙwabcin. Na tarar an naɗe tabarmar Gambo, har wani ya jingina babur a wurin.