Yaya Hamisu da Kwamfutocin Toranke

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Hamisu, mai gyaran rediyo a Gaya, wanda daga baya ya koma gyaran kwamfuta. Allah Ya jiƙansa. Duk sanda lokacin ya zagayo, ba jinyarsa ce ke faɗo mini a rai ba, wani aiki ne da ya yi mana a Toranke.

A lokacin ina koyarwa a wata Islamiyya a can. Wani ɗan garin da ke aiki a Kano ya kawo mana tsofaffin kwamfutoci shida da aka daina amfani da su a ofishinsu. Aka tayar da janareta aka gwada su, huɗu suka tashi da ƙyar, biyu ko motsi. Hedimasta ya ce a kira 'yan gwangwan su kwashe. Ni kuwa damuwata manyan ɗalibanmu ce, waɗanda za su zauna jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta, alhali yawancinsu ba su taɓa sa mata hannu ba. Na roƙi a ba ni mako biyu, na je na ɗauko Yaya.

Ya goge duk abin da ke cikinsu, ya zuba musu wata manhaja mara nauyi, irin wadda tsohuwar na'ura ke iya ɗauka. Biyar suka tashi. Ta shida ya duba ya ce ta mutu da gaske, kada mu ɓata lokaci. Hedimasta ya fara murmushi ke nan, sai muka ga babu wadda ke kama intanet, alhali a can tambayoyin gwaji suke. Na ce shi ke nan, sun lalace. Yaya ya ce lafiyarsu lau. Ya bayyana mini cewa ɗan guntun da ke kamo intanet a cikin na'ura yana da wani ƙaramin fayil da ke sa shi aiki, manhajar kuma ba ta zo da shi ba. Abin dariya, sai da intanet ake sauko da fayil ɗin, ita kuma na'urar ba za ta kama intanet ba sai da shi.

Ya kwance kowacce, ya sa tabarau, ya kwafi lambar da ke jikin guntun. Ya hau babur ya koma Gaya, ya sauko da fayilolin a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwafi fayil, ya dawo. Damina ce, hanya duk laka. Uku suka kama nan take, biyu suka ƙi. Ya sake komawa, ya sake dawowa, suka sake ƙi. Ashe lambar ce ta kankare, ya ɗauki harafin B a matsayin takwas.

Hedimasta ya ce, "Malam Hamisu, anya wahalar nan ba ta yi yawa ba?"

Yaya ya ce, "Malam, laifina ne, ba nasu ba. Ni na karanta ba daidai ba. A ba ni zuwa jibi."

Ran jibin duka biyar suka kama. Bai tsaya an gode masa ba, ya ce yana da rediyon mutane a shago.

Yanzu abin ya yi sauƙi. Sababbin manhajojin da kansu suke gane guntun, su ɗora masa fayil ɗinsa, kuma ko a ƙauye irin Toranke mutum na iya sauko da abu ta wayarsa. Na san da yana nan zai yi murna, don bai taɓa ɗaukar wahala abin alfahari ba. Sai dai na san zai yi mita in ya ga yadda ake zubar da na'ura mai rai don kawai an kasa bincikar abin da ke damunta.

Bai bar gida na kansa ba, shagon ma yanzu wani tela ne a ciki. Amma watan jiya na kai mai ɗakina awo wani asibiti a Kademi, sai matar da ke shigar da sunaye a kwamfuta ta ɗago ta ce, "Malam, ba ka gane ni ba? Rabi ce, ta ajinka." Ta ce a kan kwamfutocin nan na Toranke ta fara rubuta sunanta, kuma ranar jarrabawa kwamfuta ba ta zame mata baƙuwa ba. Ta ce in gaida mata mai gyaran. Na gaya mata ya rasu tuntuni.

Ta janye hannu daga kan kwamfutar, ta yi masa addu'a, mutanen da ke layi suka shafa tare da mu, ba wanda ya san shi a cikinsu. Sannan ta kira na gaba.